Ina Mutanen Fagge Suka Shiga?

Ga wani kacici-kacici, kuma kada ka yi saurin ba ni gari. Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi birnin Kano da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A cikinsu wacce ce ta fi ƙarancin jama'a?

Na san inda hankalinka zai fara zuwa. Za ka ce Ungogo, don har yanzu akwai gonaki a bayanta. Ko ka ce Kumbotso, saboda filayen masana'antu na Challawa. Wadda ba za ta zo bakinka ba ita ce Fagge, domin ko yaron goye ya san a nan Kantin Kwari take, a nan kasuwar Singa take, a nan kasuwar Sabon Gari take, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Wanda ya taɓa ratsa titin Ibrahim Taiwo da azahar ana saura kwana uku Sallah ya san abin da ake kira cinkoso. Ɗan dako na tafe da dila uku ta atamfa a ka yana "Hanya! Hanya!", mai baro na dukan ƙarfe a bayanka, adaidaita sahu ta soko hanci tsakanin ƙafafun mutane, kai kuwa ba ka da ikon zaɓen inda za ka taka, sai inda taron ya kai ka.

To buɗe sakamakon ƙidayar 2006. Nasarawa tana da mutum kusan 600,000. Dala ta haura 400,000. Birni da Gwale da Ungogo kowacce ta wuce 350,000. Kumbotso tana dab da 300,000, Tarauni ta ɗan ɗara 220,000. Can ƙasan jerin, ita kaɗai, ga Fagge da mutum kimanin 200,000.

Ita ce ta ƙarshe. Kuma faɗin ƙasarta kusan ɗaya ne da na Dala, wadda ta ninka ta mutane. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ido na yi mana ƙarya, ko takarda. Idan kuma duka biyun gaskiya suke faɗa, to akwai dubban ɗaruruwan mutane da suka yi ɓatan dabo tsakanin titi da ofishin Hukumar Ƙidaya, kuma sai mun nemo su.

Wanda kowa zai fara nuna wa yatsa shi ne maguɗi. Biri ya yi kama da mutum kuwa, domin tarihin ƙidaya a Najeriya ba na alfahari ba ne. An yi ta 1962 aka soke. Aka sake a 1963, rigimarta ta kai har kotu. Ta 1973 ma aka jefar da ita. Ta 1991 da ta 2006 sun tsaya da ƙafarsu, amma da ƙyar. A ta 2006 ɗin, da aka ce Jihar Kano na da mutum miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ba ta san zancen ba, ta fito da nata lissafin na sama da miliyan 17. Tunda yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa wajen rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisa, kowa na da dalilin ja.

Amma tsaya mu yi wa wannan zargi tambaya ɗaya. Me ake zargin Kano da shi? Ƙari. Ana cewa an hura adadin. To wane mai ƙari ne zai samu wuri irin Fagge, inda ko miliyan ya rubuta ba wanda zai yi masa musu, sannan ya bar ta a ƙasan jeri? Mai son cika buhu ba ya tsallake inda hatsi ya fi yawa. Ko da an yi maguɗi a wani wuri, ba shi ne ya rage Fagge ba. Mu sallami wannan, mu kira na gaba.

Na biyu ya fi kama hankali: tsufan adadin. Yaron da aka haifa a makon ƙidayar 2006 yau shi ne ke tuƙa adaidaitar da ta kusa taka ka. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ana saura kwanaki. Ƙidayar 2006 ta nuna jama'ar ƙasar na ƙaruwa da kusan kashi 3.2 cikin ɗari a shekara, kuma a wannan gudun mutane na ninkuwa cikin shekara 22 ko kusa da haka. Ke nan Fagge ta yau na iya doshin 400,000. Shi ke nan, an gano bakin zaren?

Da sauran rina a kaba. Ai ba matan Fagge kaɗai ke haihuwa ba. In ta ninku, Dala ma ta ninku, Nasarawa ta ninku. Ungogo da Kumbotso kuwa sun fi kowa gudu, don su ke da filin da ake yankawa a yi sabuwar unguwa. Duk yadda ka juya lissafin, Fagge na nan a inda ka bar ta. Kuma wanda ya san Kwari a 2006 zai shaida maka cewa ko a lokacin ba masaka tsinke. Tazarar da ke tsakanin ido da takarda ta girmi tsufan takardar.

Saura na uku, kuma shi ne ya fi ba ni wahala, don akwai ƙamshin gaskiya a jikinsa. Sabon Gari tun kafuwarta wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, unguwa ce ta waɗanda suka zo daga nesa: Yarbawa, Ibo, mutanen Saliyo da Gana, ma'aikatan jirgi da akawun kamfanoni. Da yawansu ƙafa ɗaya na Kano, ɗaya na gida. Da ƙidaya ta matso a 2006, an yi ta kiran mutane a sassa daban-daban na ƙasar su koma garuruwansu na asali a ƙirga su a can, kuma wasu sun amsa kiran. Ƙara da tsohon tsoron da ke zukatan dattawanmu, waɗanda suka tashi a zamanin da ƙirga kai ke nufin haraji, ƙirga shanu ke nufin jangali, kafin Gwamna Rimi ya soke su a 1979. Mutumin da ya ga mahaifinsa na ɓoye ɗa daga idon mai unguwa ba ya sakin jiki da baƙo mai riƙe da takarda.

Wannan ya rage wani abu, ban musa ba. Amma akwai gwajin da Kano ke yi mana kyauta duk shekara. Je ka tashar New Road a makon Kirsimeti. Manyan motocin Onica da Aba da Inugu na cika suna tashi, shaguna da dama a Sabon Gari na garƙame, layukan unguwar sun yi sauƙi. Sai ka gangaro Kwari.

Tana nan cike. Singa ma haka. Ko gezau.

To su wane ne waɗannan?

A nan sai mu nemi tsohon shaida, wanda ya riga mu ganin abin da shekara fiye da 170. A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Kafin shi, a 1824, Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Shi Barth da ya tashi nasa ƙiyasin sai ya ƙi ba da adadi ɗaya. Ya ce mazauna sun kai 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake ke sauka, mutanen da ke cikin garin na iya kaiwa 60,000. Gari ɗaya, ganuwa ɗaya, adadi biyu. Kuma ina ayarin Azbinawa masu gishiri da raƙuma ke yada zango? A bayan ganuwa, a filin da ya zama Fagge.

Barth ya bar mana mabuɗi. Bai tambayi mutum nawa ne kawai ba. Ya tambayi yaushe.

Mu gwada mabuɗin. Koma titin nan da ka kasa ratsawa da azahar. Wannan karon ka zo bayan sallar isha'i.

Ƙofofin ƙarfe a sauke. Kwaɗo a kan kwaɗo. Ledoji da guntayen kwali na yawo a inda ɗazu ƙafa ba ta samun wuri. Mai gadi ya jingina gora da bango, ya kunna rediyo. Mai shayi ɗaya a bakin layi. Bene hawa uku, hawa huɗu, babu fitilar ɗaki ko ɗaya, don babu ɗakin kwana a ciki. Atamfa ce da shadda ke kwana a nan.

Babu kowa.

Ga su can an kama su: mutanen Fagge ba su ɓata ba, tafiya gida suka yi. Ita kuwa ƙidaya ba ta zuwa kasuwa. Gida-gida take bi. Malamin ƙidaya na sallama a ƙofar gida, ya rubuta waɗanda ya tarar, a dangwala yatsa, a shafa tawada don kada a sake ƙirga mutum a wani wuri. A kwanakin ƙidayar Maris 2006 roƙon da aka yi ta yi wa jama'a shi ne su zauna a gida har a zo kansu. Wato a ranar da aka zo auna Fagge, an fara da kwashe mata abin da ya sa ta zama Fagge. Takarda ba ta yi ƙarya ba, ta faɗi masu kwana. Ido ma bai yi ƙarya ba, ya ga masu wuni. Mun ma ga irin wannan da rana tsaka a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da aka rufe kasuwanni: titunan da ke kewaye da Kwari suka koma fayau, yayin da lungunan Kurna da Dorayi da Brigade suka cika da mutanen da ba a saba ganinsu a gida da hantsi ba.

Abin ma ya wuce haka. Kasuwa cin gidaje take yi. Duk wanda ya san Fagge ta Kudu shekara talatin baya zai nuna maka inda gidan wane yake, yau ya zama sito ko jerin shaguna. Magada sun sayar, sun sayi fili a bayan gari, sun gina wanda ya fi shi faɗi. Gobe da safe ɗansu zai dawo unguwar da aka binne cibiyarsa, amma a matsayin mai shago. Duk gidan da ya koma kanti ya rage wa Fagge mutum goma ko ashirin a takarda, ya ƙara mata ɗaruruwa a titi. Cikar wurin da raguwar adadinsa abu ɗaya ne ke haifar da su.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan unguwa ba. A tsakiyar Tokyo akwai gundumar Chiyoda, inda fadar sarkin Japan da majalisar ƙasar suke. Masu kwana a cikinta ba su kai 70,000 ba, masu wuni sun haura 800,000. Tsohuwar cibiyar Landan, inda bankuna suka taru, mazaunanta ba su kai 10,000 ba a ƙidayar 2021, amma sama da rabin miliyan ke shiga aiki a cikinta.

Sai dai kada ka naɗe tabarma tukuna. Mun gano sun tafi gida. Ina ne gidan?

Tsaya a mahaɗar Bata da la'asar sakaliya ka saurari masu adaidaita da 'yan kamasho. Rijiyar Zaki. Bachirawa. Sheka. Panshekara. Mariri. Waɗannan duk suna cikin takwas ɗin nan, a Ungogo da Kumbotso. Amma ka ƙara kasa kunne. Dawanau, wadda ke ƙarƙashin Dawakin Tofa. Jogana, ta Gezawa. Tamburawa, ta Dawakin Kudu. Ka sami wani dattijo yana rufe shago ka ce, "Alhaji, barka da kasuwa, ina aka nufa?" Yana iya ce maka Wudil, ko Bichi, kuma gobe kafin ƙarfe goma yana nan ya buɗe. Ban da waɗanda suka zo sari daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru, su kwana biyu a masauki su juya.

Yanzu faɗa mini: a cikin waɗannan wane ne mutumin birnin Kano? Amsar ta dogara da inda ka ja layi, kuma a nan kacici-kacicin Fagge ya zama na duniya baki ɗaya.

A da, abin da sauƙi. Ganuwa ce layin. Wanda ke ciki ɗan birni ne, wanda ke bayan Ƙofar Mata ɗan waje ne, shi ya sa har yau ake kiran yankin Fagge da Sabon Gari da Waje. Turawa ma da suka zo sun daɗe suna mulkin Sabon Gari daban da birni. Da a ce wannan layin muke bi har yanzu, da Kwari da Singa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano duk ba sa cikin Kano. Yau kuwa kana iya ɗaukar ƙananan hukumomi shida na tsakiya, ƙidayar 2006 ta ba ka kimanin miliyan 2.2. Ka ƙara Kumbotso da Ungogo, ta ba ka miliyan 2.8. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta birnin da kusan miliyan 4 a 2020. Wani kuma ya ɗauko miliyan 9.4 na jiha ya ce ai ga yawan mutanen Kano, alhali a cikin wannan adadi akwai manomin Doguwa da ke bayan dajin Falgore, wanda sai ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya hango Dutsen Dala. Duk waɗannan amsoshi ana jin su a bakin masu ilimi, kuma kowanne na da takardar da zai nuna.

Masana birane hanya uku suke bi. Akwai mai bin iyakar mulki, inda ikon hukumar gari ya tsaya. Akwai mai bin gini, ya ci gaba da ƙirga muddin rufi na haɗe da rufi, sai ya ga gona ta raba. Akwai mai bin ƙafar ma'aikata, ya haɗa duk garin da mutanensa ke shigowa neman abinci da safe su koma da yamma. Kamar masu awo ne a kasuwar hatsi, wani da mudu, wani da tiya, kowa na kiran adadin da ya samu a buhu ɗaya. Tokyo da mudun farko, gundumominta 23 na tsakiya ba su cika miliyan 10 ba. Da hukumar birnin gaba ɗaya, miliyan 14. Da yankin da ya haɗe da ita, miliyan 37, adadin da ya sa ta daɗe tana riƙe da kambun duniya. Chongqing ta ƙasar Sin na da mutum sama da miliyan 30 a takarda, amma iyakarta ta kai murabba'in kilomita 82,000, wato ninki huɗu na Jihar Kano, da duwatsu da ƙauyuka a ciki. Paris kuwa cikin iyakarta miliyan 2 ce da 'yan kai, alhali ginin da ya manne da ita na ɗauke da fiye da miliyan 10.

Don a raba wannan gardama, a 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ma'auni ɗaya ga kowa. A yanka taswira gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya. Duk gidan da ke da mutum 1,500 ko fiye, a haɗa shi da maƙwabtansa masu irin wannan cika, in jimlarsu ta kai 50,000 an sami birni, ba ruwan ma'aunin da iyakar ƙaramar hukuma ko ta jiha. Da aka yi amfani da shi a rahoton 2025, sai kambu ya sauya kai: Jakarta ta Indonesiya ta hau gaba da kusan miliyan 42, Dhaka ta Bangaladash na biye, Tokyo ta koma ta uku da miliyan 33. Mutanen Tokyo ba su yi ƙaura ba. Ma'aunin aka sauya.

Da wannan idon, tsohuwar gardamar Kano da Legas ma sai ta sauya kama. Jihar Legas ƙarama ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Jihar Kano ba, kuma kusan dukkanta birni ce, har ta tumbatsa cikin Ogun ta Ota da Mowe da Ibafo. Jihar Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 ce, birni da ɗimbin garuruwa da karkara mai cike da mutane, bayan ma an cire mata Jigawa a 1991. A birni da birni, Legas ta fi Kano nesa ba kusa ba, kuma faɗin haka bai rage wa Kano komai ba. A jiha da jiha, zance ne daban. Rabin ihun da aka sha a 2006 na mutanen da ke gwada jiha da birni ne ba su lura ba.

Abin da ya sa wannan bincike ya dame ni ya wuce son warware wasa. Da adadin masu kwana ake yi wa wuri tanadi, amma masu wuni ne ke shan ruwa, su nemi banɗaki, su tara shara, su cika titi. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa. Wurin da ke ɗaukar irin wannan taro da irin wannan dukiya na bukatar magudanan ruwa da hanyoyin motar kashe gobara da asibitin gaggawa daidai da taron azahar, ko da takarda ta ce shi ne ƙarami a cikin takwas. Ta ɗaya gefen kuma, Ungogo da Kumbotso da Gezawa ne ke ɗauke da makarantun 'ya'yan waɗannan 'yan kasuwa da ɗakunan haihuwar matansu, alhali cinikin a Fagge aka yi shi. Kowane ɓangare na ɗauke da rabin nauyin mutum ɗaya, kuma babu lissafin da ya haɗa rabin biyu.

Maganin ba mai tsada ba ne. Japan na ƙidaya duk shekara biyar, kuma a takardarta akwai tambayar inda mutum ke aiki ko karatu. Daga amsar nan ake fitar wa kowace gunduma adadi biyu, na dare da na rana, shi ya sa aka san na Chiyoda. Duk ranar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta sa ranar ƙidayar da aka ɗage, ina fatan wakilan Kano za su nemi a sa wannan tambaya a fitar da sakamakonta ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Kafin nan ma, gwamnatin jiha da Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari na iya tsayar da masu ƙirga a mashigan kasuwannin nan na mako guda, ɗaya a lokacin azumi, ɗaya a tsakiyar damina, su rubuta mutum nawa suka shigo da kuma unguwar da kowa ya kwana.